Sandata a Hannun Yaya

Abu ɗaya na taɓa saya wa kaina don jin daɗin raina kawai, ba don gida ba, ba don shago ba: sandar buga sinuka. Ita ɗin ma mutane ba su bar ni na more ta ba.

Ina da ɗan shagon kwafi da buga takardu a Samaru, ba nisa da ƙofar jami'a. Tun safe nake fama da ɗalibai, wannan ya ce a gyara masa shafi, waccan ta ce inji ya cinye mata takarda, kowa kuma sauri yake yi kamar ni na hana shi yin aikinsa da wuri. In na idar da sallar la'asar sai in ja ƙofa in kulle, in zagaya bayan layin masu gyaran waya. A can wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin gona a Shika ya kafa rumfar kwano, ya sa teburin sinuka guda ɗaya da 'yan bencina. Baba muke ce masa. Ba ya yarda da caca, ba ya yarda da ashar. Dokar rumfar guda ce: wanda ya ci ya ci gaba da riƙe tebur, wanda aka ci ya koma benci ya sha zolaya har layi ya sake zagayowa kansa.

Sandunan Baba kuwa sai addu'a. Akwai wata mai nauyin tsiya da muke kira muciya. Akwai wadda damina ta karkatar, sai ka yi ta juya ta kana neman gefen da ya fi dama-dama kafin ka buga. Wata kuma fatar bakinta ta ɓalle tun tuni, Baba ya yanko guntun tsohon takalmi ya manna mata. Wanda bai taɓa buga sinuka ba zai ce ai sanda sanda ce, ka tura farar ƙwallo ta bugi wata ta faɗa rami, shi ke nan. Ba haka ba ne. Kowace sanda da nauyinta, da inda nauyin ya taru, da yadda take zamewa a tsakanin yatsu. Sai hannu ya san waɗannan kafin ya daina yi maka ƙarya. A rumfar Baba kuwa duk wadda ka tarar a jingine ita ce taka, kafin hannunka ya gane ta an riga an kora ka benci.

Abin da ya kai ni ga sayen tawa shi ne 'yan Sabon Gari. Lokaci-lokaci sukan gayyace mu wasa ranar Asabar. Ba kofi, ba kyauta, sai dai bakin da za ku yi ta sha in an ci ku. A zuwanmu na baya ni na ɓarar da wasan ƙarshe. Baƙar ƙwallo tana bakin rami, ko yaron goye ya jefa ta, na buga da wata sandarsu mai santsi, fara ta kauce ta kama gabanta. Na ce sandar ce, kowa ya fashe da dariya. Tun daga ranar ko shayi na zubar sai wani ya ce, "Ku yi mai haƙuri, sandan ne." Na ƙudurta a raina cewa duk ranar da za mu koma, da sandata zan koma, wadda hannuna ya sani, in wanke kaina.

A shagon wani Ibo mai kayan wasanni na same ta. Gida biyu ce, ana murɗa ta a tsakiya a haɗa, tana da doguwar jaka mai zif. Gindinta baƙi ne, an naɗe wurin riƙewa da zare, can ƙarshe kuma akwai 'yar roba. Ya mirgina ta a kan kanta don in ga ba ta karkace ba, ya ce, "Oga, wannan ba na yara ba ne." Na yi ciniki har gumi ya karyo min, na biya, na rungumo ta a bas ina kare ta da jikina duk lokacin da kwandasta ya buga ƙofa.

Ranar da na kai ta rumfa wasa tsayawa ya yi. Tambayar kowa guda ce: nawa? Na ƙi faɗa, sai suka shiga yanka mata farashi da kansu. Baba ya ɗora ta a kan yatsu biyu yana awo, ya ce itacen Turai ne. Wani direban bas da ke zama da mu ya ce ina, na China ne aka shafa masa fenti. Abokina tela, wanda shagonsa ke kallon nawa, ya ce ko ma na ina ne, da shi ne da buhun masara ya kai gida. Na ƙyale su. Ni na san darajarta ba a bakinsu take ba. Darajarta ita ce in duƙa, hannun damana ya je daidai inda ya je jiya, ya tarar da nauyin da ya bari jiya.

Da suka gaji da musu sai tela ya miƙo hannu. "To kawo in ɗana mana."

A rumfar Baba, kamar kowace majalisa a garin nan, abin da ka shigo da shi ya zama na majalisa. Goro ne, cajar waya ce, jarida ce, ko ruwan leda ka fasa sai wani ya miƙo hannu. Ba a cewa a'a. Wanda ya ce a'a ya zama marowaci, kuma sunan rowa in ya kama mutum a Samaru har jikokinsa sai sun ji labari. Na miƙa masa. Ya buga, ya ci. Da layi ya zo kaina na kai hannu in karɓi abata, sai ya ja da baya.

"A'a, malam. Mai tebur ba ya canza sanda yana cikin sa'a. Ɗauki muciya."

Kowa ya goyi bayansa, har Baba. Haka na ɗauki muciya na fuskanci sandar da na saya da gumina, ta kuwa kora ni benci.

Haka aka yi ta yi. In na iso, kafin in zuge jaka an yi layi. Wani ya zo da hannun man ƙosai, wani ya yi ta murza mata alli kamar da gayya, wani in ya ɓarar da ƙwallo ya doka gindinta a siminti. Kowane duka a ƙirjina nake jin sa. Na gwada barin ta a gida, suka dinga tambayata ko amarya tana lalle ne, har kunya ta sa na dawo da ita. Dabara ɗaya ce ta yi min aiki: in rufe shago da azahar, lokacin da rana ta kori kowa, in je in buga ni kaɗai Baba yana gyangyaɗi a kujerarsa. Ɗalibai sun sha zuwa su tarar da kwaɗo a ƙofata su wuce shagon gaba, ban damu ba. A 'yan makonnin nan hannuna ya san ta. Na san irin turin da zai sa fara ta tsaya cak bayan ta bugi 'yar'uwarta, da wanda zai sa ta dawo baya. Na kai inda ba na ma duban sandar, sai ƙwallon da nake nufi. Wata rana Baba ya buɗe ido ya ga na share tebur, ya ce, "'Yan Sabon Gari sun shiga uku."

Sai ga gayyata ta zo, Asabar ta sama. A makon ne kuma kawuna ya rasu a ƙauye, dole in je a yi zaman makoki da ni. Ina haɗa kaya tela ya leƙo shago, ya hango jakar a bayan injin kwafi.

"Kada ka bar ta a nan, zafin injin nan zai lanƙwasa ta. Kawo in ajiye maka."

Magana ce mai kama da gaskiya. Na ce masa, "Ajiya fa, ba aro ba." Ya ce haba, sai ka ce ba ka san ni ba. Ai kuwa na san shi.

Na dawo ranar Alhamis. Ko gida ban je ba na wuce shagonsa. Yana kan keke yana ɗinki, bai ɗago ba.

"Tana wajen direba. Gaskiyan magana roƙona ya yi, ni kuma na ji kunya."

Na sami direba a tasha yana lodi. Ya ce in kwantar da hankalina, tana nan lafiya lau. Wai wani amininsa mai walda a Chikaji ne ya yi musun akwai sanda mai gida biyu a Samaru, shi ne ya kai masa ya gani da idonsa, ya bar masa ita ta kwana. Har ya ɗan ɓata rai, wai yadda nake tambaya sai ka ce sace ta ya yi. Washegari da aka sauko daga Juma'a na hau bas har Chikaji, na yi ta tambaya cikin ƙarar injuna da tartsatsin wuta har na sami mai waldar. Ya ɗaga baƙin gilashinsa, ya saurare ni, ya washe baki.

"Au, kai ne mai ita? Kai, sandan nan tana da daɗi. Wani babban mutum ya gan ta a hannuna jiya, da na faɗa mai daga inda ta fito ya ce ai na gida ne. Ya ce a gaya maka kada ka damu, gobe za ka same ta a wurin wasa."

Na tsaya a bakin garejin kamar in kurma ihu. Aron aro ke nan, har ta kai hannun wanda ban ma san ko wane ne ba, kuma kowannensu gani yake alheri ya yi. Babu wanda ya ba ni haƙuri. Ni ne ma nake ta cewa ba komai, don in ban ce ba ni za a kira mai ƙaramar zuciya. Da na koma gida matata ta ga fuskata ta tambaye ni wa ya sake rasuwa. Na ba ta labari tun daga tela har mai walda. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Duk wannan a kan sanda?" ta ci gaba da tsince shinkafarta. Na lallashi kaina da cewa gobe ina shiga zan karɓe abata, ko wane ne shi.

Ranar Asabar bayan la'asar muka cika bas ɗin direba. 'Yan Sabon Gari sun tashi daga tsohon wurinsu, sun koma wani shago a bayan kasuwa, dogo amma matsattse. Teburin ya cinye ɗakin, ta gefe ɗaya bango yana daf da shi har sai mutum ya tsuke ciki kafin ya wuce. Saboda bangon nan duk sandunansu gajeru ne. Wuri ya cika, ana ta hayaniya da Hausa da Turancin buroka. Ni ba fuskoki nake kallo ba, hannuwa nake bi. Na hango baƙin zaren da na sani a cikin wani hannu mai zoben azurfa, na ɗaga kai na dubi mai hannun.

Yayan matata ne. Babban wansu, mai sayar da kayan gyaran mota a Sabon Gari. Mahaifinsu ya rasu tun tana ƙarama, shi ya riƙe ta, shi ya ba ni aurenta. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa kiran sunansa ba, ban ma san yana buga sinuka ba. Da ƙaninta ne da tuni na murɗe masa hannu na ƙwace abata muna dariya, don tsakanina da ƙannenta wasa ne. Wannan kuwa sai durƙuso. Na durƙusa a cikin cunkoson nan, gwiwata a kan ɓawon gyaɗa.

"Yaya, ina yini."

"A'a, ka iso? Tashi, tashi. Yaya iyali? Yaya muka ji da haƙuri?"

"Da godiya, Yaya."

Ya ɗaga sandar yana jujjuya ta. "Ashe kana da irin wannan ka ɓoye mana. Na ce masu sandan ƙanena ne, na gida ne. Bari in ɗan buga da ita."

"To, Yaya."

Tela yana bayana yana zungurina da gwiwar hannu, yana raɗa min wai in karɓa mana. Na juya na yi masa kallon da ya sa ya kama bakinsa. Shi da ya ba da ita saboda kunyar direba, shi ne zai koya min rashin kunya a gaban surukina.

Aka fara wasa, su ci mu ci, har aka zo na ƙarshe, wanda zai raba gardama. Mutanenmu suka tura ni gaba. Su kuma don neman tsiya suka ce Yaya ne zai fito masu. Na ɗauka a nan ne zai tuna ya miƙo min abata. Ya shafa mata alli a hankali, ya hure, ya ce, "Bismilla, fasa ƙwallayen."

Aka danƙa min wata gajeruwar sanda mara nauyi, jikinta yana danƙo saboda gumin mutane, bakinta ya taurare kamar ƙashi. Na shafa hoda, ba ta sake ba. Bugun farko na sa ƙarfin da na saba sawa, ƙwallayen suka ɗan motsa kamar an roƙe su. Na biyu na ƙara ƙarfi, fara ta yi tsalle ta kusa barin tebur. Na yi ta lalube irin na mai tuƙa motar wani, inda kake zaton birki sai ka ji ya yi nisa. Duk da haka na daure. A hankali na fara gano kanta, na jefa ɗaya, na bi ta da wata, na ƙara wata, mutanen Samaru suka fara ɗaga murya. Wallahi niyyar cinsa na yi. Girmansa yana nan, amma ni wanke kaina na zo yi.

Sai fara ta je ta tsaya a gefen bangon nan, kuma bugun Yaya ne. Na ce a raina yauwa, ga inda zai sake ta, don sandata ba za ta shiga wannan lungun ba, dole ya nemi gajeruwa. Ya shige, ya duƙa, ya ja ta baya yadda yake so. Ba ta taɓa bango ba. A lokacin ne na kalli gindinta da kyau, karo na farko tun da na shigo. Babu roba. Babu baƙin fentin da ke bayan zare. Sai farin itace, sabon yanka, har ana ganin sawun zarto.

Ban san yadda sauran wasan ya tafi ba. Na san dai an ce min bugunka ne, na duƙa idona yana kan abin da ke hannunsa, na buga, bakin sandar ya zame ya yi ƙwas, fara ta gangara ita kaɗai ta faɗa rami. Yaya ya share abin da ya rage, ya jefa baƙa ba tare da wani dogon saiti ba.

Shago ya kaure. 'Yan Sabon Gari suna ta yabona, wai na yi kara, ɗan mutunci ya bar wa surukinsa. Mutanenmu kuma suna ta hararata, direba har da cewa in kara zan yi me ya hana in faɗa tun a Samaru a sa wani. Ka ji fa. Wancan karon na ce sanda ce aka yi min dariya, wannan karon ko bakin cewa sanda ce ba ni da shi.

Yaya ya yafito ni, na je na rusuna. Ya riƙe sandar a kwance a tafukansa, fuskarsa cike da fara'ar wanda ya yi maka abin arziki yana jira ka lura.

"Ka ga gyaran da na yi maka? Ta yi tsawo da yawa, tana ta dukan bango. Da safen nan na kai ma kafinta ya rage taƙi guda. Har wani ƙarfe ya tarar a ciki, na ce ya cire, nauyin banza ne. Kuma ba sai ka biya komai ba, na ɗauke maka."

Ƙarfen nan shi ne nauyin sandar, shi ne abin da na yi ta rufe shago da azahar ina koya wa hannuna. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Zuciyata ta tafasa. Maganganu suka taru a bakina, irin waɗanda in suka fita sai an tara dangi kafin matata ta sake shiga gidan wanta da sakin fuska. Na dubi furfurar gemunsa, na dubi idonsa. Babu mugunta a ciki ko ƙwaya ɗaya, kuma abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Da mugunta ce da na san inda zan kai ƙara.

"Gwada mana ka ji," in ji shi.

Na karɓa da hannu biyu. Na ajiye fara a kan tebur, na duƙa, mutane suka yi tsit. Hannun damana ya tafi inda ya saba, can baya, ya damƙi iska. Na matso da shi gaba na riƙe inda itace yake. Sandar ta rinjaya ta baki kamar tana neman faɗuwa. Na tura fara, ta tafi wani wurin da ban aike ta ba. Duk sandunan da na taɓa ɗauka a rumfunan mutane, babu wadda ta zame min baƙuwa kamar wannan.

"Ka ji ko? Yanzu ta yi daidai."

"Ta yi, Yaya. Na gode. Allah ya ƙara girma."

"Amin, ba komai, ai yi ma kai ne." Ya dafa kafaɗata ya juya zai fita, sai ya tsaya a bakin ƙofa. "Af, Asabar mai zuwa ka aiko min da ita da wuri. Hannuna ya saba da ita."

Na ce, "To, Yaya."